Ɗorawar Inna Tabawa

Ba zan taɓa mantawa da wani taro a Kutawa ba, a shekarata ta farko a aikin noman rani da wani bankin ƙasar waje ya ɗauki nauyinsa. Bankin ya yarda a bi dokokinmu na gida wajen kare muhalli da haƙƙin jama'a, ni kuma aka ɗora mini binciken waɗanda aikin zai shafa. Kaina ya kumbura sosai (har tafiyata sai da ta canza).

Hanyar ruwan za ta ratsa gonar wani Malam Sule, kuma za a sare ɗorawa uku a ciki. Na same shi, ya amince, ya sa hannu. Na rubuta a rahoto cewa mutum ɗaya abin ya shafa, kuma ya yarda.

Ranar da wakiliyar bankin ta zo, aka taru a ƙofar gidan mai gari. Ina tsaye ina cika baki cewa mu 'yan gida mun fi kowa sanin mutanenmu, sai wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta matso.

"Ɗan nan, ɗorawar da kuka shafa ma jan fenti fa?"

"Malam Sule ya yarda, Inna."

"Gona tashi ce, itatuwa nawa ne, gadon ubana. Da kalwarsu nike daddawa, da ita nike riƙe kaina."

Malam Sule ya ce, "Gaskiya ne. Ni maganar ƙasa ya yi mani."

Ni da aka haifa a Kurfi, wanda kakarsa ma ke da ɗorawa a gonar wani, ban tambaya ba. Wakiliyar ta juyo tana jiran tafinta. Tafintan kuwa ni ne. Haka na fassara mata shirmena da bakina.

Mai gari ne ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ai don haka doka ta ce a tara mu kafin a sa gatari." Inna ta ƙara da cewa, "Yana da ladabi, tambaya ce kawai bai iya ba."

Aka karkatar da hanyar ruwan, itatuwan na nan tsaye. Har yau ina gode wa Inna, domin da ta yi kawaici da da sa hannuna aka raba ta da abincinta.

Yanzu abokan aiki suna yi mini tsiya, wai ko tsamiya na gani a daji sai na yi sallama na nemi mai ita. Ba na musu, domin na taɓa yi.