Ministan Lemo da Masu Gadinsa

A duk birnin Indore, in ana zancen lemon tsami, sai a yi shiru a saurari Ghanshyam Porwal. Ba gona gare shi ba. Gona ai ta ƙananan manoma ce. Shi bishiya ɗaya tal yake da ita, cikin rabin duro, a saman benenmu mai gidaje goma sha biyu. To, giwa ma ɗa ɗaya take haifa. Tun da ya yi ritaya daga aikin akawu ya ɗauki bishiyar nan aiki, ya naɗa kansa shugabanta. Mu mutanen bene muna ce masa Ministan Lemo. Ya ji sunan, bai musa ba.

A ba shi haƙƙinsa, yana wahala. Da sassafe zai hau da buta, ya tsoma yatsa a ƙasa ya ji laima kafin ya zuba ruwa. Tsutsar ganye da hannu yake tsince ta. Taki kuwa busasshen kashin shanu ne da tunkuzar darbejiya, kuma ganyen shayin da aka sha a gidansa ba ya zuwa bola. Duk wanda ya hau shanya sai ya sauko da ilimi.

"Bhai sahab, ɗan'uwana, bishiyar lemo kamar ƙaramin ma'aikaci take. Ka cika mata ruwa, ta lalace. Ka hana ta, ta yi yajin aiki. Ni shekara talatin ina juya irinsu."

Bana, a shekararta ta huɗu, ma'aikaciya ta yi abin kirki. Ta yi fure, fure ya zuba, ya bar 'ya'ya ashirin da uku. Na ƙirga da kaina. Dama zaɓen shugaban kwamitin lambu na bene ya matso, kujerar da Kusum Bhabhi ta hawa na biyu ta daɗe a kai da 'yan tumatirinta. Abin nema ya samu. Minista ya tsaya a bakin matakala, ya gyara murya.

"Ranar zaɓe kowa zai sha ruwan lemo daga bishiyata. Ba na kasuwa ba, da ake yi wa wanka da maganin ƙwari. Ni lemon kasuwa ba ya ƙetare ƙofata. Ku sha tukuna, sannan ku zaɓa."

To, abu mai kyau ido na binsa, maganin kuma sananne ne. Lemo ɗaya, barkono bakwai, a soke a zare a rataya, ranar Asabar a jefar da tsohon a sa sabo. Masu shago na yi, direbobi na yi, a bakin titi suke sayen haɗaɗɗe. Amma wanda ya yi wancan jawabi, da wace fuska zai tsaya gaban mai talla? Sai ya tsinki ɗaya daga jikin bishiyar ya rataya mata. Saura ashirin da biyu.

Da a Asabar kaɗai aka tsaya, da lissafi ya fita. Sai dai Minista ba ya iya ganin baƙo bai kai shi sama ba. Mai kawo madara ya hau. Surukin maƙwabci da ya zo jinya daga Ujjain, shi ma an ja shi har da sandarsa. Wanda ya hau kuma dole ya yaba, don ba a sakin hannunsa sai ya yaba. Da zarar ya sauka, sai mai bishiya ya tsaya yana tauna yabon.

"Kin ji yadda ya ce sun yi ɓul-ɓul? Ko ƙiftawa bai yi ba. Wannan idon ya ƙone na Asabar. Miƙo zare."

Matarsa Sulochana ta miƙo zare. "Baban Guddi, saura goma sha huɗu fa. Baki talatin ka gayyata."

"Ke lissafin tukunya kika sani. Wannan harkar tsaro ce."

Harkar tsaro ta bunƙasa. Ganye ɗaya ya yi rawaya, aka ƙara mai gadi, wato wani lemon da barkononsa, a reshen gabas. Hankaka ya sauka ya karkata kai, aka ƙara a na yamma. Da lissafi ya sauko zuwa biyar, Sulochana ta ce bari ta sayo kilo ɗaya a ɓoye a zuba a kwando, wa zai tambayi lemo garinsu? Ya dafe ƙirji. Shi, da aka san shi da gaskiya a ofis da waje? Ya ƙi. A nan kam na sara masa.

Ranar zaɓe aka shimfiɗa darduma a saman bene. Ga babbar tukunyar ruwan sanyi, an zuba sukari da baƙin gishiri, lemo kaɗai ake jira. A bishiya saura ɗaya. Minista ya tsinko shi ya ɗaga sama, wuƙa a ɗaya hannun.

"Jama'a, ba yawa ake sha ba, asali ake sha. Ɗigon wannan ya fi kilon kasuwa."

Kusum Bhabhi ta matso, ta leƙa cikin rassa, ta tafa hannu. "Wayyo, Bhai sahab! Kun ga sabon fure? Ku zo ku gani, ya rufe ta ruf! Baɗi ai sai ɗari."

Mutum talatin suka juya. Ido sittin, a kan fure ɗanye. Minista ya dubi tukunya, ya dubi furen. Ya sake duban tukunya. A hankali ya sauke wuƙa gefe.

"Maman Guddi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "zare."

Muka sha ruwan sukari da gishiri, kowa na cewa ya yi daɗi. Aka kaɗa ƙuri'a gida-gida, Kusum Bhabhi goma sha ɗaya, Minista ɗaya.

Amma a faɗi gaskiya, magani ya yi aiki. Cikin lemo ashirin da uku, ko ɗaya ido bai ci ba. Baki ma haka.