Yadda Za Ka Sallami Mai Duba Waya Bai Gane Ka Yanke Ta Ba

Ɗan'uwa, in gungumen wayar tangaraho na tsaye cikin gidanka ko jikin dangarka, ka sani kafin saukar ruwan farko mai duba waya zai yi maka sallama. In kuwa ka taɓa wayar nan, ko da tsinin wuƙa ne, ranar ba za ta zo maka da sauƙi ba. Amma kwantar da hankalinka. Ni Bawa na Kalgo, uban 'ya'ya huɗu, na bi hanyar nan da ƙafata, kuma na ba ka tabbaci: bi matakan nan bakwai yadda na jera su, mai duba waya zai shigo gidanka ya fita, kai kuma ka kwana cikin iyalinka. Ni dai ga ni, har yau a gida nake kwana.

1. Ka fara sanin girman laifinka

Nawa ga shi. Da Turawa suka ja waya ta ratsa Kalgo ta nufi Birnin Kebbi, gungume ɗaya na giginya ya faɗo daidai bayan ɗakin da yarana ke kwana. Wayar sama ba ta dame ni ba, tana can tana ɗan kukanta in iska ta taso. Wadda ta hana ni sakat wata siririya ce ta jan ƙarfe, da ta sauko daga ƙolin gungumen, ta bi jikinsa, ta shige ƙasa, taku uku daga inda autata Maimuna ke ajiye kai.

Na zauna na yi tunani irin na mai iyali. Kowa ya san tsawa na son ƙarfe. To ga ƙarfe a sama, ga kuma hanya an shimfiɗa mata har bayan ɗakin yara. Bara, ƙarshen damina, bayan wani hadari da ya sa yaran duk suka ɗare bisa cinyar uwarsu, sai na ari awartaki wurin maƙeri, na hau turmi, na datse ta iyakar inda hannuna ya kai, na tumɓuke sauran daga ƙasa.

Sati biyu da yin haka mai shela ya zagaya kasuwa yana cewa duk wanda ya taɓa wayar gwamnati, gidan yari na Birnin Kebbi ne masaukinsa. Ka lura da wannan: hukuma takan jira sai ka gama aiki sannan ta faɗa maka haramun ne.

2. Tattaro abin da ka yanke

Waya ba ta zama wuri ɗaya a gidan da ke da mata da maƙwabta. Uwar yarana Jummai ta lanƙwasa wani guntu ta rataye ragayar ƙorai. Wani ya zama maɗaurin ƙyauren akurki. Maƙwabcina Umaru masunci ya roƙi kamu guda ya yi ƙugiyoyi.

Bi gida kusurwa-kusurwa ka karɓo. Jummai ta ba da nata tana mita. Umaru ya dawo mini da ƙugiya huɗu, ya ce ta biyar tana bakin wata tarwaɗa da ta tsinke masa zare, in ina so in je gulbi in nema ta ba ni. Haɗa abin da ka samu ka binne ƙarƙashin rumbu. Kada ka tsaya auna tsawonsu. Mai aunawa shi ke gano akwai saura, ya ja wa kansa ciwon kai.

3. Mayar da gurbinta da abin da ya yi kama da ita

Samo rama ka murza igiya siririya, kauri ɗaya da wayar. Kwaɓa jar ƙasa da man gyaɗa ka shafe ta sosai, ka bar ta ta sha rana. Sai ka bi jikin gungumen da ita daga inda ka datse har ƙasa, kana kafe ta da ƙaya.

Ka ja da baya taku goma ka duba. Wallahi maƙeri ma sai ya rantse jan ƙarfe ne. Jummai ta zo ta tsaya a taku ɗaya, ta ce ita dai igiya take gani, kuma tana ƙamshin ƙuliƙuli. Kada ka saurari wanda ya tsaya a taku ɗaya. Aikinka shi ne ka hana baƙo wuce taku goma.

4. Koya wa iyali amsa guda

Tara yara ka gaya musu duk abin da baƙo ya tambaya, amsa ita ce: ba mu sani ba. Maimaita musu safe da yamma har ta zauna. Kai kuma ka ajiye wata amsar a aljihu don ranar ƙarshe. Tawa birai ce, don kowa ya san sukan shigo daga fadama su yi ɓarna, kuma ba a taɓa kai biri gaban alƙali ba.

Sai dai ka yi hattara da yaro mai ƙwaƙwalwa. Ranar da mai duba waya ya iso, Maimuna ce ta fara cin karo da shi a ƙofar zaure. Ya tambaye ta ko maigida na ciki, ta ce ba mu sani ba. Ya tambayi sunanta, ta ce ba mu sani ba. Ya ce to ɗiyar wa ce ita, ta dube ni ina tsaye bayanta, ta ce ba mu sani ba.

5. Cika masa ciki kafin ya kai ga gungume

Mai duba wayarmu sunansa Garba, mutumin Gwandu, dogo mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Ya zo da jaki ɗauke da tsani, da nannaɗen waya, da wani ɗan akwati mai allura a fuska kamar agogo. Daga ƙofa ya fara aiki. Ya ɗaga wata gora mai zane-zane ya auna tsakanin jinkar ɗakuna da wayar sama. Ya ce in rage reshen zogalen da ya kusa taɓa ta. Ya ce a daina shanya a kusa, kuma in hadari ya taso kada kowa ya fake gindin gungume. Duk na ce to, to, ina tafe gabansa da baya-baya kamar mai korar kaji.

Da ya rage taku goma sha biyu, sai na kama hannunsa na ce abin kunya ne baƙo daga Gwandu ya yi aiki a gidana bai sha ruwa ba. Na ja shi zaure. Aka kawo fura da nono. Ya sha ya yunƙura, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Kifin nan Umaru ya kamo shi, ban kuwa tambaye shi da wace ƙugiya ba.

In abinci ya ƙare, nemo dangantaka. Jummai 'yar Dalijan ce. Daga bayan zana ta gaishe shi, ta tambayi mutanen Gwandu, sai ga shi mahaifiyarsa ma daga Dalijan take. Suka yi ta jero sunayen tsofaffi, wane ya haifi wance, wance ta auri wane, har ya tabbata kakanninsu sun sha ruwan rijiya ɗaya. Kafin su gama tana kiransa kawu. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, ina kallon inuwa na gajarta. Lissafina shi ne rana ta yi masa nisa, ya leƙa gungumen daga nesa ya wuce gidan gaba.

6. Ka tuna akwai azahar, ka tuna akwai akuya

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka buɗe kunnenka. Baƙon da ka tsare tun hantsi, lokacin salla zai same shi a zaurenka. Garba ya dubi sama ya ce in taimaka masa da ruwan alwala. Ba a hana Musulmi ruwan alwala, ba a kuma tsayawa tunani. Na miƙa hannu bayan ƙofa na ɗauko butata ta duma, wadda nake riƙewa sau biyar kowace rana, na ba shi.

Sai da ta bar hannuna na ga mariƙinta. Ni da kaina na yi shi da guntun jan ƙarfen nan, tun ranar da na datse wayar, na murɗa shi biyu don ya yi ƙwari. Kullum yana cikin tafina, shi ya sa idona bai taɓa sauka kansa ba. Watanni shida na alwala sun goge shi yana walƙiya.

Garba ya rataya butar a yatsa, ya juya ta, ya juyo ta. Ya yi alwalarsa a natse, ya ja mu salla. Allah Ya karɓi tasa. Tawa kam ban san raka'a nawa na yi ba.

Da muka sallame ya ɗauki akwatinsa ya nufi bayan ɗakin yara, ni kuma na bi bayansa. Muka iske akuyar Jummai ta ɗora ƙafafun gaba jikin gungume, ta cinye igiyata tun daga ƙasa har inda wuyanta ya kai. Sauran na lilo a sama. Bakinta ja wur, tana tauna tana kallonmu.

7. Fito da amsar aljihu

Na gyara murya na ce birai ne, ranka shi daɗe, sun addabe mu bana.

Garba ya dubi igiya, ya dubi akuya. Ya ce, "Wanga biri na da hankali, Malam Bawa. Ya sace waya, ya murza igiya, har ya yi maka mariƙin buta."

In ka kai nan, matakai sun ƙare, sai gaskiya. Na faɗa masa duka: hadarin bara, kukan yara, turmi da awartaki. Na ce in ɗauri ne a ɗaure ni, amma ni ban iya kwanciya ina kallon hanyar da aka yi wa tsawa zuwa kan ɗiyata ba.

Na zaci zai yi faɗa ko dariya. Sai ya tambayi yara nawa ke kwana a ɗakin. Na ce huɗu. Sai ya nuna mini indararon soron maƙwabta, ya ce in na toshe shi, ruwan sama zai fasa sauka ne? Na ce a'a, zai nemi wata hanya ya shiga ɗaki. Ya ce to haka tsawa take. In ta faɗa wayar sama, ta riga ta zo, ba ta neman izinin kowa. Siririyar nan ita ke karɓarta ta kai ta ƙarƙashin ƙasa ta mutu can. In babu ita, sai ta yi tsalle zuwa abin da ya fi kusa.

Ya ɗaga gorarsa ya taɓa jinkar ɗakin yaran. Ya ce, "Ga abin da ya fi kusa."

Ban san lokacin da na zauna bisa turmi ba. Jummai daga bayan zana ta ja salati a hankali.

Garba ya sa na ɗauko galma na haƙa rami gindin gungume har ƙirjina. Ya hau tsani ya ɗaura sabuwar waya daga nannaɗensa, ya sauko da ita ya kafe, ya nannaɗe ƙarshenta cikin ramin. Aka zuba gawayi, aka kwarara tulu uku na ruwa, na mayar da ƙasa. Ya haɗa akwatinsa, allura ta motsa, ya kira ni in gani da idona. Ya ce duk Juma'a in zuba tulu guda a wurin har ruwa ya sauka, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar baƙuwar da kyau. Ya sa na tono guntayen ƙarƙashin rumbu ya zuba a mangala. Mariƙin buta ma ya kwance abinsa.

Da zai tafi ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya jingina da jaki, ya yi rubutu mai ɗan tsawo da harufan boko, waɗanda ni ban iya ba. Na matsa na tambaye shi abin da ya rubuta. Ya ce abin da ya gani. Na ce to me ya gani. Ya ce ai ya ga abubuwa da yawa yau, ya kuma leƙa ta kan zana ya ce wa Jummai tuwo ya yi daɗi.

Faɗakarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ji ya gani. In akuyarsa ta fi tawa tsawon wuya, ko ɗiyarsa ta fi tawa hadda, ko mai duba wayarsa bai da dangi a Dalijan, babu hannun Bawa a ciki, kada a aiko mini. Wanda kuma bai riga ya yanke tasa ba, ya bar ta inda take, ya samo tulu.

Yau kwana arba'in da tafiyar Garba. An yi ruwa uku, ɗaya da tsawa mai ƙarfi, yara huɗu sun tashi lafiya. Dogari bai zo ba, amma in na ji kofaton doki a hanyar Birnin Kebbi nakan ajiye abin da ke hannuna. Abin da ke cikin littafin nan, ko sunana ne, ko na gungume, ko na akuya, har yanzu ban sani ba.