Rasuwar Kwamfutata, Wadda Aka Ce Ruwa Ya Ci a Watan Afrilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, ni Mu'mina Mikail ta unguwar Wulari, a madadin kaina da mahaifiyata Ya Gumsu, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan karatu rasuwar kwamfutata ta cinya. Ta cika ranar Laraba, tara ga Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, tana da wata biyar a duniya. A gafarce ni da sanarwar ta makara da wata biyu da rabi. Sai shekaranjiya aka sako mana gawar.

Marigayiya siririya ce, mara nauyi, ruwan toka. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan launi a ransa, domin shi ya ja mana abin da ya ja mana.

An sayo ta a watan Nuwamba, wata biyu cif bayan ambaliyar da ta ci rabin garin nan. Bayan, na ce, ba kafin ba. Rasit yana nan ga mai son gani. Ranar da ruwa ya shigo Maiduguri, mutane na gudu da katifa a ka, marigayiya tana can cikin kwalinta a wani gari, ba ta san Gwange ba, ba ta san Fori ba. Ta zo gidanmu tare da takardar garanti ta shekara guda, mai tambari har biyu, daga wani kamfani da ba zan kama sunansa ba saboda yau ranar makoki ce.

Aikin da ta yi a ɗan zamanta ba ƙarami ba ne. Ina karatun digiri na biyu, kuma binciken da na ɗauka shi ne in auna iyakar inda ruwa ya kai a gidajen garin nan. A lokacin kowane bango yana ɗauke da layinsa, baƙi-baƙi, a miƙe kamar da rula aka ja shi. Sai mu shiga keke ni da ita, tana cikin jaka a kan cinyata, mu bi Gwange, Fori da Shehuri gida-gida. In sa tef in auna, in zauna a bakin ƙofa in buɗe ta in shigar: sunan mai gida, tsawon ruwa, kwana nawa ya yi, ƙarfe nawa suka fita, su nawa suka fita. Ban rubuta a takarda ba, saboda malamina ya ce zamanin takarda ya wuce. Gida ɗari huɗu da goma sha bakwai ta haddace, ba ta taɓa cakuɗa na wani da na wani ba.

A cikinsu akwai gidan Baba Kashim na Gwange, wanda muka auna a watan Janairu. Tsohon ya ƙi yarda da tef. Ya ce shi lamba ba ta gamsar da shi. Ya cire takalmi, ya jingina bayansa da bango, ya sa na duba da idona: layin ruwa ya wuce saman hularsa da yatsa huɗu. Ya ce in rubuta haka, kada in rage ko yatsa ɗaya. Na rubuta. Baba Kashim ya rasu cikin azumi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tsayawa jiran wutar gwamnati ba, ɗan solar gidanmu ya ishe ta. Da safe in na buɗe ta, gaisuwarta ɗaya ce, "tirin", ba ƙari. In aiki ya yi nauyi sai fankarta ta ɗauki "fuuuu", irin numfashin wanda ya hau bene. In yunwa ta kama ta, "ting" sau biyu kawai take yi, ta yi shiru, ba ta da naci. Har yanzu in na wuce ta teburin sai in ji kamar za ta yi.

Game da ruwa kuwa, ina so duniya ta shaida cewa ba a taɓa tsare wata halitta daga ruwa yadda aka tsare marigayiya ba. Ya Gumsu, wadda ta kwana biyu a kan rufin gidan ƙanwarta lokacin ambaliya, ita ta kafa dokar da kanta: ba kofi a kan teburin, ba buta a ɗakin. In na yi alwala sai na goge hannu na jira ya bushe kafin in taɓa ta. Mai moya, mai kawo mana ruwa a jarka, an canza masa hanya, ta ƙofar baya yake shiga. Duk ruwan da ke cikin marigayiya rubutacce ne.

Ciwon ajali ya same ta a tsakiyar bazara. Wanda ya san Afrilun Maiduguri ba sai na yi masa bayani ba. Famfonmu ya yi sati uku bai ɗiga ba. In ka shanya wanki, kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. A wannan yanayi cikinta ya fara kumbura, har wurin da ake goga yatsa ya ɗago. Ranar Laraba ina tsakiyar babi na huɗu sai fankar ta yi wani dogon "fuuuu" da ban taɓa ji ba, ta ce "fat", wani ƙauri ya tashi, fuskarta ta yi baƙi. Ba ta sake cewa komai ba.

Ban firgita ba, domin ina da garanti. Na buga lambar da ke jikin takardar, wata mai suna Vivian ta ɗauka. Da ta ji daga inda nake kira sai ta juya harshe zuwa Hausa don ta kyautata min, Hausar da ke tafiya da ɗingishi amma da kyakkyawar niyya. Ta karɓi lambar kwamfuta, sannan ta tambaye ni kamanninta. Na ce ruwan toka ce. Ta ce, "Ruwa?" Na ce e, ruwan toka. Na ji tana buga wani abu da sauri. Ban kawo komai a raina ba. Har godiya na yi mata.

Na naɗe marigayiya a tawul busasshe, na ba motar kai saƙo ta kai ta ofishinsu a wani babban gari. Sati bakwai ba labari. Da sakamakon ya fito, sai ga shi an rubuta cewa ruwa ne ya kashe ta, don haka garanti ya faɗi. Hujjarsu uku. Ta farko, mai kayan da bakinta ta ambaci ruwa sau biyu a waya. Ta biyu, adireshin mai kayan Maiduguri ne, kuma kowa ya ga Maiduguri a talabijin. Ta uku, akwai wani ɗan farin tambari a cikin kwamfuta da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi, kuma na marigayiya wai ya fara sauya launi.

Na ce a turo min hoton tambarin. Aka turo. Ba ja ba ne. Na buɗe baki zan ce musu ai wannan ruwan hoda ne, sai Allah ya taimake ni na kama bakina.

Na aika musu hoton rasit, na ja layi a ƙarƙashin Nuwamba. Suka ce bangon da ya sha ambaliya yana daɗewa yana fitar da danshi. Na ce gidanmu na Wulari ruwa bai shiga ɗakina ba. Suka ce ba su da hanyar tabbatarwa. Na rubuta musu shafi guda ina koyar da su cewa a Hausa toka da ƙasa da goro da hoda duk suna da ruwa, kuma ba wanda ya taɓa jiƙa wani. Suka gode min da bayanin. Sannan suka turo farashin gyara: naira dubu ɗari uku da tamanin na sabon allon ciki, a kan kwamfutar da aka saya dubu ɗari biyar da ashirin, ban da kuɗin dubawa, ban da kuɗin ajiya da ke hawa kullum. Kuma sabon allo yana zuwa da sabuwar ƙwaƙwalwa, wato a dawo min da ita ba ta san kowa ba.

A kiran ƙarshe aka haɗa ni da manajansu, shi Hausarsa ba ta ɗingishi. Na ce masa akwai gida ɗari huɗu a cikin wannan na'ura. Ya ce, "Hajiya, abin da ke ciki ba ruwanmu." Su suka gano ruwa a inda babu, su kuma ba ruwansu.

Na ce to a ba ni gawata. Suka ce ba za ta fita ba sai na sa hannu a takardar da ke cewa na amince ruwa ne sanadi. Sati uku ina ƙi. Ni da na yi wata biyar ina rubuta ruwa daidai inda ya tsaya, ban ƙara yatsa ba, ban rage ba, yanzu in sa hannu a kan ruwan da ba a yi ba? Ya Gumsu ce ta karya ni. Ta same ni zaune da takardar, ta ce, "Mu'mina, wannan takarda ce kawai. Mutanen da ke ciki fa?" Na sa hannu. Ban taɓa jin kunyar sunana irin ta ranar ba.

Jiya da safe na kai ta wurin Ishmael, mai gyara a bayan kasuwa, wanda tun farko shi ya kamata in kai wa, amma takardar garanti ta ce duk wanda ya kwance ko ƙusa ɗaya ya ɓata komai. Ya buɗe ta a gaban shaidu biyu. Ya haska, ya shinshina, ya sa gilashi ya duba, ya ce, "Malama, nan ciki ya fi bakin mai azumi bushewa. Ba tsatsa, ba tabo. Batir ne ya kumbura da zafi ya ƙona allon." Na tambaye shi tambarin fa. Ya ce irinsa iska mai danshi ma tana sa shi sauya launi, kuma sati goma ya yi a garin da ake ruwan sama. Zafi ya yi kisa, aka kama ruwa.

Ƙwaƙwalwar a manne take da allon, dab da inda wutar ta ci. Ishmael ya yi ta fama daga hantsi har la'asar, bai ci abinci ba. Daga ƙarshe ya ajiye kayan aikinsa ya ce, "Sai haƙuri, Malama." Bai karɓi ko sisi ba.

Akwai laifi guda da ni ke da shi, kuma wannan na amsa ba tare da an riƙe min gawa ba. Rabona da in kwafe aikin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, tun Disamba. Gida sittin da uku ne a ciki. Sauran ɗari uku da hamsin da huɗu sun tafi tare da ita. Ba kuma zan iya komawa in sake aunawa ba, domin kafin Sallah mutane sun yi fenti, wasu sun rushe sun sake gini, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai so ya kwana yana kallon wannan layi. A watan Satumba ake jira in kare binciken.

Marigayiya ta rasu ta bar cajarta, wadda tun ranar take naɗe ba ta shiga jikin kowa ba. Ta bar jaka, da linzamin jan kibiya mai waya, da filas ɗin da aka ambata, wanda ya san kaɗan daga labarin. Ta bar tef ɗin awo, abokin yawonta. Ta kuma bar takardar garanti, wadda a rubuce tana da sauran wata biyar na rai, amma likitoci sun tabbatar min tun a shago aka haife ta ba rai.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan la'asar, a gidanmu da ke Wulari. Ba za a yi wa gawa wanka ba, kada a ba wasu hujja ta huɗu. Gilashinta da maɓallanta an bayar da su sadaka ga Ishmael, ya sa wa mai bukata. Mai jin hawaye ya ja baya taku uku. Shayi da ruwan sha suna zaure, ba za su shigo tsakar gida ba. In hadari ya haɗo, an ɗage zuwa Lahadi. Ana gayyatar wakilan kamfani, da sharaɗin su zo da ruwan da suka samu, ko a murfin kwalba ne, mu ma mu gani.

Ga mutanen Gwange, Fori da Shehuri da na taɓa zama a bakin ƙofarsu, ina da roƙo. Kada ku kawo kuɗi, kada ku kawo abinci. Ku zo da jikinku. Kowa zai tsaya ya nuna min da hannunsa inda ruwa ya kai masa, gwiwa ne, ƙugu ne, ƙirji ne ko wuya. Zan zauna da tef, da biro, da littafi mai kaurin bango. Iyalan Baba Kashim kuma, don Allah ku zo min da hularsa, da wanda ya san tsawonsa.