Yadda Za Ka Kewaye Garin Gwaggonka a Kan Keke

Idan kana da gaisuwar mutuwa a wuyanka wadda ta riga ta yi tsami, kuma kana da ƙafafu biyu da ɗan albashi, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki za ka ratsa ƙauyukan Tasawa duk ranar Lahadi, ana yaba maka, ba tare da ka sa ƙafa a garin da kake kunyar shiga ba. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Lurwanu ne, wani ma'aikacin biro, wato ofis, a Tasawa. Ni dai na tsara ta ne don amfanin jama'a.

1. Bar abin ya kwana

Kunya ba ta girma rana ɗaya, renonta ake yi. Lokacin da Malam Ƙadri ya rasu a Gidan Talle, can wajen Baudeta, Lurwanu yana Yamai wurin wani horo. Malam Ƙadri mijin gwaggonsa Shatu ne, kuma a gidansu Lurwanu ya tashi tun yana ɗan mitsitsi, bayan rasuwar mahaifinsa. Ya ce zai zo sadakar uku, horo bai ƙare ba. Ya ce ta bakwai, aiki ya riƙe shi. Ranar arba'in kuwa yana Tasawa lafiyarsa ƙalau, amma ya tsaya tunanin abin da zai ce in aka tambaye shi ina ya shiga tun farko. Yana cikin tunanin rana ta faɗi.

Kai ma haka za ka yi. Kada kuma ka kira a waya. Kowa ya san ba a gaisuwar wanda ya rene ka ta waya, saboda haka shirunka ma ladabi ne.

2. Sayi keken da ba a saba gani ba

Ba irin wanda ake ɗaura wa buhun gero a kai kasuwa ba. Nemi mai lanƙwasasshen hannu kamar ƙahon rago, mai tayoyi masu haƙora, wanda aka yi don tsakuwa da hanyoyin daji. Lurwanu a Maraɗi ya samo nasa, na hannu, tare da hular kwano da wani matsattsen wando da ko a gaban madubi sai mutum ya kau da kai.

Hikimar ita ce, mai keken talakawa in ya wuce gari bai tsaya ba, ba shi da mutunci. Mai irin wannan kuwa sipor yake yi, wato motsa jiki, kuma ba a tsayar da mai sipor.

Don in yi masa adalci, ranar farko niyyar Lurwanu ya shiga garin. Har ya hango rumbunan Gidan Talle, sai hannunsa ya karkata hagu da kansa. Daga wannan karkatar aka samu ilimin da nake ba ka kyauta.

3. Samo tuddai da kurmi

A bidiyon da ake gani a waya, Turawa suna hawa duwatsu suna shiga dazuzzuka masu duhu. Mu Allah ya ba mu jigawa da gawo. Kada ka karaya, suna kawai suke buƙata. Jigawar da keke ke nutsewa sai ka saɓa shi a kafaɗa, kira ta Babban Hawa. Gonar da aka bar wa gawo da kalgo da yawa, kira ta Kurmi. Kwarin da ruwan damina ya zaizaye, ka ce gangare ne mai hatsari, sai gwanaye.

Sharaɗi ɗaya ne: duk tudunka da kurminka su kasance a gefen garin, kada ko ɗaya ya bi ta cikinsa. Jar hanya mai kyau ta ratsa tsakiyar Gidan Talle, ta gaban masallaci, don haka Lurwanu ya yanke mata hukuncin cewa ta yi sauƙi da yawa. Halilu abokin aikinsa ya taɓa binsa da nasa keken, ya tambaye shi don me za a bar hanya a shiga ƙarangiya. Lurwanu ya bayyana masa da Faransanci cewa ɗan sipor na gaskiya wahala yake nema. Halilu ya yini yana cire ƙaya daga safa, bai sake zuwa ba. Wannan ma riba ce, shaida ya ragu.

4. Yi gaisuwa, amma kada ƙafarka ta taɓa ƙasa

Za ka bi ta ƙananan ƙauyuka, kuma a cikinsu babu wanda bai san ɗan wane ne kai ba. Ɗaga hannu, yi haki da ƙarfi, ci gaba da tuƙi. Kada ka karɓi fura, domin wanda ya zauna shan fura tambaya ce ke biyo baya. Guji rijiya. Matan da ke jan ruwa sun fi rediyo saurin isar da labari.

In wani dattijo ya ɗaga murya ya tambaye ka ko ka je wajen Shatu, ka amsa yadda Lurwanu yake amsawa, cewa can ka nufa. Ba ƙarya ka yi ba. Nufa daban, isa daban.

5. Kada ka daɗe a kan jigawa

Nan ne raunin kowane ɗalibi. Daga saman Babban Hawa ana ganin bayan Gidan Talle sarai, har da darbejiyar ƙofar gidan da Malam Ƙadri yake shimfiɗa tabarma. Lurwanu ya kan tsaya nan ya ce yana duba taya. Tayar lafiyarta lau. Kewar mutumin ce take cinsa, da kewar Gwaggo, kuma ya san duk Lahadin da ya kewaye, shigar ƙara nauyi take yi. Wata rana ya lura an girbe gonakin kowa an kwashe kara, na gonar Malam yana nan tsaye ba wanda ya taɓa.

In ka ji irin wannan ya taso maka, ciro waya, ɗauki hoton gawo, aika wa abokai ka rubuta cewa karkara akwai daɗi. Sannan ka gangara.

6. Abin da ban saka a lissafi ba

Takaba tana ƙarewa.

Wata Lahadi da hantsi Lurwanu ya iso inda yashi ke tilasta wa kowa sauka, yana tura keke, sai ya ga mace zaune a gindin gawo, takalmanta a gefe. Gwaggo Shatu ce. Ta rame, kuma daga gani ta jima a wurin. Babu gudu, keke ya nutse. Ya jingine shi, ya durƙusa da hular kwanonsa da wandon nan nasa.

"Gwaggo, ni dama..."

"Bari, Lurwanu," ta ce. "An hwaɗa mini kullum Lahadi kana biyowa ta bayan gari. Na so hitowa tuntuni, takaba ta hana ni, sai shekaranjiya na hita. Na ce yaron ga ubanshi ya mutu, ba wanda ya je ya yi mai gaisuwa. Shi ya kawo ni. Ya haƙuri?"

Watanni ya yi yana tanadin amsoshi. Yana da ta horo, yana da ta aiki, yana da ta rashin mota. Bai tanadi ta wannan ba. Ya buɗe baki zai ce da godiya, sai kuka, irin wanda bai yi ba tun ranar da aka buga masa waya a Yamai. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Ta yi wa mamacin addu'a, ta sa takalmanta, ta kakkaɓe zane, ta ce ita ta gama abin da ya kawo ta, ya ci gaba da sipor ɗinsa kada rana ta yi masa zafi.

Ya ɗauki keken ya bi bayanta. Suka shiga Gidan Talle ta jar hanya, ta gaban masallaci, dattawa suna zaune suna kallo, tana gaba yana baya yana turawa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a fashewar taya, ciwon cinya, ƙarangiya a safa, ko abin da dattawa za su faɗa game da wandonka. Alkawarin da na yi na hana ka shiga garin ne. Ban taɓa cewa zan hana gwaggonka fitowa ba.