Ranar da Aka Kwashe wa Kunne Ramukansa

Jama'a, makon jiya an gyara mana hanya, kuma gyaran ya kusa jawo mini salalar tsiya.

Kun san tsohuwar jif ɗina. Ba don fankama na saye ta ba, ita kaɗai ke iya hanyar ƙauyen da 'yata take aure. To, cikin yarinyar nan ya tsufa, haihuwar fari ce, ungozoma kuma ta ce a dawo da ita kusa da asibiti tun kafin naƙuda. Sai jif ta zaɓi wannan lokacin ta fara tsiyarta. Hayaƙi na shigowa cikin mota, gabanta kuma na wani ƙwas-ƙwas duk sanda taya ta faɗa rami.

Maiɗakina ta kafe. "Malam, wallahi 'yata ba ta shiga wannan akwalar. Ko hayaƙi ya shaƙe ta, ko taya ta fice da ita a dokar daji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kai ta gareji."

Bakaniken namu Kunne ake ce masa, don da kunne yake aiki. Salansa, wato bututun hayaƙi, ba ta ba shi wahala ba. Ya cusa tsumma a bakinta, ya ce in tayar da mota, ya kwanta a ƙarƙashi yana yayyafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Nan take kumfa ta taso a inda hayaƙin ke zurarewa.

"Ka gani, Malam? In ka toshe mata baki, ɓaraka da kanta take tona kanta."

Na ce a raina, da ana yi wa baitulmali irin wannan gwajin, da sabulu ya yi wuyar samu a gari. Mai walda ya liƙe wurin, muka koma kan ƙwas-ƙwas.

Kunne ya ɗaga gaban motar, ya girgiza taya hagu da dama, ya yamutsa fuska. Ya ce wannan ciwon ba ya magana sai da nauyi a kansa, mu hau hanya. Shi dama titin gaban garejinsa ne ɗakin gwajinsa. Ya san ramukan kamar 'ya'yan cikinsa. Na gaban kantin magani shi ke tona asirin shokozoba mai shanye girgiza, na kan kwana kuma shi ke kama bol-joyin, wato gaɓar da ke riƙe da taya.

Muna fitowa sai muka ga ikon Allah. Babu rami ko ɗaya! An cike su da jar ƙasa, an shafa kwalta siririya kamar kwalli, har duwatsun gefe an yi musu farin fenti. Ashe Mai Girma Sarkin Almakashi ne zai wuce, zai je yanke ƙyallen buɗe famfon da ya buɗe bara. Muka kai muka komo, jif ta yi luf kamar yaron da ya hango allura.

Kunne ya kashe mota, ya riƙe kai. "Malam, sun kwashe mini kayan aiki. In na taɓa gaban nan yanzu, lalube zan yi a duhu."

Gaskiya hankalina ya tashi. Ga 'ya tana jirana, ga mota ta ɓoye ciwonta. Na kai kukana wurin maƙwabcina tela, ko ɗaga kai daga keken ɗinki bai yi ba.

"Kai dai ba ka da godiya. Kullum kana kukan rami a jarida, yau kuma kukan rashinsa? Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Yaushe ka taɓa ganin aikinsu ya ga ruwan sama ya tsaya?"

Bakin tela bai faɗi ƙasa ba. Ayarin Mai Girma ya wuce da jiniya, ba su ma rage gudu sun yaba fentin ba. Da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa. Ramin ƙarya dama ƙurarre ne. Washegari ramukanmu suka dawo cif, har da sabon ƙane a tsakiya.

Muka hau. Muna faɗawa na kan kwana, ƙwas! Kunne ya yi murmushi kamar ya ji muryar tsohon aboki.

"Bol-joyin na hagu!"

Da ya kwance, abin a hannunsa ya rabe biyu. Ya dube ni, murmushin ya ɗauke. "Da ka hau hanyar ƙauye da wannan, da taya ta riga ku isa gari."

Ya ɗaura sabo, washegari na je na ɗauko yarinyar.

Yanzu da nake wannan rubutu, 'yata na kwance a ɗakin uwarta lafiya lau, muna jiran ranar sauka. Don haka yau godiya na zo yi wa mahukunta. Ranku ya daɗe, Allah ya saka da alheri da ba ku iya aiki mai ƙarko ba. Alfarma ɗaya nake roƙo: in har wata rana kuka yi kuskuren gyara titin nan da gaske, ku bar mana na kan kwana. A duk kayan aikin da kuka taɓa ba talaka, shi kaɗai ne bai taɓa lalacewa ba.