Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina Ta Tagar Bas

Ba zan taɓa mantawa da kai amaryar da muka yi wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar ba. Ko ni na so in manta, matan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Kafin wannan rana, in ka shigo unguwarmu a Gumel ka tambayi mace mai haƙuri, gidanmu za a nuna maka. Ba yabon kai nake yi ba, haka Allah ya yi ni, muryata ba ta fita. Lokacin da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai malamarmu ta zo ta sunkuyo a kaina kafin ta ji abin da nake karantawa. A gida ma in na yi wa yara faɗa, sai na juya baya sannan su tambayi juna me na ce.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Mu haka muka tashi muka gani: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Tun da na haifi nawa ban taɓa faɗin sunansa ba. Yana ƙarami "yaron nan" nake cewa, da ƙannensa suka zo sai ya koma "Yayansu". Ko asibiti muka je aka tambaye ni sunan, sai na waiga neman wanda zai faɗa. (Na san matan yanzu suna yi wa wannan dariya. Ku adana dariyar, akwai wadda ta fi ta a gaba.)

Yayansu acaba yake yi tsakanin Gumel da Maigatari, kuma a can Maigatarin ya ga wata yarinya, Bilkisu. Mahaifinta ya rasu, maganar gidan tana hannun mahaifiyarta, Hajiya Dije mai atamfa, baffannin yarinyar ma abin da ta ce shi suke bi. Da aka aika, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Saƙon da ya dawo mana shi ne tana da ɗa, Lawandi, wanda tseren babur ya shiga jininsa, yau ɗinki gobe ɗauri, shi ya sa mata hawan jini. Ta ce ɗaya ya ishe ta, ba za ta ƙara na biyu da sunan suruki ba. Sai ta bincika halin yaron da halin gidansu tukuna.

Ana cikin haka sai bikin 'yar maƙwabcinmu ya zo, ashe Hajiya Dije dangin uwar amarya ce. Ƙanwar maigidana, Talatu, wadda yara ke ce wa Gwaggo, ita ta ga dama a nan. Da za a shiga bas ɗin 'yan kai amarya ta tura ni jikin taga, ta zaunar da Hajiya kusa da ni, ita kuma ta zauna a baya daidai tsakiyar kunnuwanmu.

"Yaya, ke dai ki yi shirunki da kika saba," ta raɗa mini. "Shirun nan shi ne kayan adonmu. Magana ki bar mini."

Ta kuwa yi magana. Tun daga fitarmu Gumel take zubawa. "Hajiya, yaronmu fa ko tsohuwa ya ɗauko da kwanon ƙwai, ba ɗaya da zai fashe. Har tsokanarsa ake yi a tasha, wai keke ma yana wuce shi. Jinin uwarsa ne, kin dai gan ta." Hajiya ta dube ni, na sunkuyar da kai na gyara mayafi. Ta ce, "Masha Allah." Na ji a raina aure ya kusa.

Da muka isa bakin ƙauyen sai aka tsaya. Motar amarya ta yi faci a baya, kuma ba a shiga gari kafin amarya. Direbanmu ya raɓa gindin wata tsamiya a gefen hanya ya kashe mota. Gefenmu gona ce shimfiɗaɗɗiya, an gama cire amfani, sai tarin kara can da can, da shingen ƙaya da ya biyo ta bayan tsamiyar. Abokan ango kuwa da samarinmu, waɗanda suka rako mu a kan babura, zaman jira ba nasu ba ne. Kafin a jima sun ja layi a can ƙarshen gonar. Za su taho, su zagaye tsamiyar nan da muke kusa da ita, su koma, su sake tahowa.

Hajiya ta ce, "Inna lillahi. Ga Lawandi can, mai jar hula. Na faɗa masa, na faɗa masa." Sai ta ƙanƙance ido. "Wancan na kusa da shi fa? Ba yaronku ba ne?"

Shi ne. Da shaddarsa ruwan toka da na sa aka goge masa da safe.

Talatu ba ta ko yi tari ba. "Raka su zai yi, Hajiya. Don in wani ya faɗi ya ɗauko shi."

Direba, wani dattijo da ya ce shi ma ya yi acaba a zamaninsa, ya juyo yana yi mana bayani ba wanda ya tambaye shi. Ya ce wasan yana da doka. Wanda ya riga isa kwana, kwanar tasa ce, na baya ya jira sai hanya ta miƙe. Ba a kutsawa ta ciki, ba a sa wa mutum ƙafa, ba a matse shi a shinge. Wanda ya yi haka ko ya zo na ɗaya ba a lissafa shi, kuma ba mai sake zama shan shayi da shi a tasha. Na gyaɗa kai. A raina na ce doka mai kyau, Allah ya shirya yaran nan.

Aka saki babura. Da farko addu'a kawai nake yi kowa ya sauka lafiya. Amma da suka matso sai na ga mai rakiyar nan tamu shi ne a gaba. Na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, na ce tsoro ne. Suka zagaye tsamiya lafiya, suka miƙa. A nan Lawandi ya fito ta gefe, ya goga shi kaɗan, ya yanko gabansa ya watsa masa rairayi a fuska. Bai tsaya nan ba, sai da ya saki hannu ɗaya ya yi masa alamar sai an jima.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya. "Yaron nan shi zai kashe ni." Sannan ta ƙara a hankali, "Amma fa ba a kama shi."

Wannan "ba a kama shi" ita ta jawo komai. Na ji ta har cikin haƙorana. Ban san lokacin da na zuge gilashin taga ba. Na dai ce iska nake so.

Da suka sake tahowa su biyu ne a gaba, Lawandi da Yayansu a bayansa kamar an ɗaura su da igiya. Lawandi ya shigo kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa, tayar baya ta ja a rairayi, ya buɗe ya yi wajen shinge. Tsakaninsa da tsamiya ga hanya nan fili guda. Ko ni da ban taɓa riƙe kan babur ba na gan ta. Na kuma ga in aka shiga, mai jar hula ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙaya. Sai na ji ƙarar babur ɗin Yayansu ta ragu. Ya saki totur, yana jira ɗan mutane ya daidaita.

Abin da ya biyo baya, rabi na tuna, rabi faɗa mini aka yi, kuma masu faɗar suna da yawa. An ce na fita ta taga har ƙugu. An ce mayafina ya rataye a ƙofa, ɗankwali ya faɗa ƙasa, ina dukan jikin bas da tafin hannu. Abin da na tuna da kaina shi ne wata murya da ban san ina da ita ba:

"KABIRU! Shiga ta ciki! Matse shi! Kai Kabiru, sa masa ƙafa mana!"

Ya ji. A kwana babura suna rage ƙara, tsamiyar kuma ga ta ga mu. Ya waigo gaba ɗaya yana neman mai kiran, babur ya ci gaba shi kaɗai, suka tafi tare cikin tarin kara. Ƙafafunsa kawai ake gani.

Na dawo da jikina cikin mota a hankali (fita ta fi shiga sauƙi, sai da Talatu ta ja ni ta zane). Bas cike da mata, amma ko tari babu. Hajiya Dije tana kallon gabanta, ta ɗora hannu a kan jakarta. Can daga kujerar ƙarshe wata tsohuwa ta ce, "Ashe ta san sunan."

Lawandi kuwa, da hanya ta zama tasa shi kaɗai, bai tafi ba. Ya taka birki ya jefar da babur ɗinsa, ya dawo ya zaro Yayansu daga cikin kara, ya ɗaga masa mashin, yana kakkaɓe masa baya. Sauran suka wuce su, wani yaro daban ya ci tseren. Su biyun suka taho wajen bas. Lawandi ya tsinci ɗankwalina, ya karkaɗe, ya miƙo ta taga da hannu biyu, har da rusunawa.

"Mama, ga shi. Wace ƙafar kika ce ya sa mini, ta dama ko ta hagu?"

Motar ta fashe. Har direba sai da ya kifa kai a sitiyari. Yayansu bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Talatu ya duba, da kara a gashinsa, ya ce, "Gwaggo, lafiya? Na ji kamar muryar Inna. Na ɗauka wani abu ne ya same ta."

Wannan ta fi dariyar zafi. Allah ya taimake ni motar amarya ta iso, aka ɗau guɗa, na ja mayafi na rufe fuska har muka koma gida. Kafin in cire takalmi labari ya riga ni. Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni ya ce, "Shekara nawa ina cewa ki ɗaga murya."

Daga Maigatari kuwa shiru. Yayansu ya fara dawo da rabin tuwonsa, kuma ya daina guga in zai fita. Uwa ba ta zuwa maganar auren ɗan fari, na sani. Amma na ga wadda ta riga ta fita ta taga ba ta da sauran abin ɓoyewa. Na ɗauki Talatu muka hau mota.

Mun samu Hajiya a shagonta tana ninke atamfa. Muka gaisa, na fara, "Hajiya, abin da ya faru ranar nan..."

"Ɗaga murya, Maman Asiya," ta ce (da sunan ƙanwar Yayansu ake kirana), "na san kina da ita."

Na ce na zo ba da haƙuri ne, kuma kada a hukunta yaro da laifin uwarsa. Ta ajiye atamfar ta zauna.

"Bari in faɗa miki. Lokacin da kike cewa matse shi, ni a raina cewa nake, Lawandi tare shi, kar ka bari ya wuce. Bambancinmu, ke kina jikin taga." Talatu ta buɗe baki, Hajiya ta ɗaga mata hannu. "Ke kuma mai kwanon ƙwai, ki huta. Yaronku yana gudu, na gani da idona. Amma ya ga hanya a buɗe, ya san ɗana ne zai faɗa ƙaya, ya ƙi shiga. Shi na gama bincike a kansa. Ku turo magabata."

Na fara godiya, ta katse ni.

"Ke ce ban gama ba. Sharaɗina ɗaya. Zaman aure ba ya rasa saɓani. Ranar da Bilkisu suka saɓa da mijinta, ban yarda ki leƙo ta taga ba."

Na ɗauki alkawari, kuma ina riƙe da shi, ko da yake akwai ranakun da sai na shige ɗaki na ja ƙofa na kama tazbaha da hannu biyu. Abin da na koya shi ne, haƙurin nan da aka daɗe ana yabona da shi, ashe ba a taɓa shan gaban ɗana ina kallo ba ne. Yanzu in za a shiga motar biki, da kaina nake neman kujerar tsakiya.