Rasuwar Kwanson Tagulla da Moro Ya Goge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, ni Shamsudeen, mai haɗa wa kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya kawo mu aiki, harsasan gasar harbi a nan Doha, nake sanar da rasuwar Kwanson Tagulla, kwanson harsashi, shi da ƙannensa kwali guda, ranar Litinin da hantsi.

Marigayi ya zo hannuna sabo fil. Ni na gasa masa wuya a wuta har ya yi laushi, na auna kafaɗarsa, na ɗura masa albarushi daidai cikinsa, na tsane cikin bindiga ƙaf don kada ɗigon mai ya sa ya zame. Abin da ya rage masa shi ne harbin farko, wanda ke hura kwanso ya ɗauki siffar cikin bindiga ya zauna daram. Mai haƙuri ne. Ko faɗuwa ya yi a siminti, "ƙilin" kawai yake cewa.

Jinyarsa daga alheri ta faro. Moro, mutumin Zangon Kumasi mai dafa gahawa a majalisar kafil, abokin ɗakina a unguwar Mansura, ba ya iya ganin tagulla ta dushe ya wuce. Ya ga duhun da wuta ta bari a wuyan marigayi, wanda shi ne shaidar lafiyarsa, ya ɗauka dauɗa ce. Sai ya ɗauko man goge butocin gahawa, mai warin amoniya, ya laɓta, ya murje shi da ƙannensa duka, ya rufe kwali bai gaya wa kowa ba. Amoniya kuwa cin tagulla take yi a ɓoye, ido ba ya gani.

Haba Moro! Wa ya aike ka? Harsashi amarya ce da sai an yi mata kwalliya? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ban yafe ba tukuna.

A filin harbi, a gaban baƙin kafil na buɗe kwalin, ƙyalli ya kashe mini ido. Kafil ya yaba, ya ɗana, ya ja kunama. Maimakon "tau", kalmar marigayi ta ƙarshe "fusss" ce. Wuya ya tsage har kafaɗa, tiriri ya dawo baya ya babbake wa kafil gira. Kafil bai tambayi wanda ya goge ba, wanda ya haɗa ya tambaya. Khalas, shi ke nan, aka sallame ni.

Marigayi ya bar bindiga cikin takaba, da rabin gira, da butoci masu walƙiya, da Moro, wanda har yanzu ana yaba tsabtarsa.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar, a durom ɗin tarkacen ƙarfe da ke bayan filin harbi. Ba za a yi wankan gawa ba, Moro ya riga ya yi masa tun yana da rai. Ana karɓar gaisuwa a ɗakinmu na Mansura zuwa Alhamis. Daga Juma'a, mai ta'aziyya sai ya biyo ni gida Gusau.